Baƙin Hunturu da Na Kora da Bakina

Zuwa ga Uwata Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kai ki Birmingham lafiya, Ya sauke ki lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya, da sharrin mutum, da sanyin ƙasar nan da ba ya jin kunyar kowa. Na saka wannan takarda a aljihun akwatinki ne domin in na ce zan faɗa da baki, faɗa za mu yi. Kin san ni, na san ki. Ki yi haƙuri da rubutun. Ban taka ƙofar makarantar boko ba, baƙaƙen nan mahaifiyarki ce ta koya min su, Allah Ya jiƙanta, ta kuwa tafi ba ta gama gyara min hannu ba.

Kin ji abin da yayanki Sani ya zo da shi. Ya ce ɗakunan sama sun kwana biyu ba baƙo, hitar ɗumama ɗaki tana cin kuɗi, gida yana ruɓewa da danshi, gara a ba ejan mai ba da haya ya zuba 'yan uni, wato ɗaliban jami'a, a ciki, a daina saukar baƙi. Na ce masa zan yi tunani. To tunanin ne nake yi a wannan takarda, ke kuma da za ki je unguwar Aston ta Birmingham ki riƙe wa mutane fulat ɗinsu na saukar baƙi, ki tsinci abin da zai amfane ki a ciki.

Sai na tuna miki inda muka fito, ko da kin ji har kin gaji. Kakana da ƙafa ya baro Kano a ayarin fatake masu neman goro, ya zauna a zangon Kumasi bai koma ba. Mahaifina a can ya zama maigida, wato mai masauki. Baƙo in ya sauka a wurinsa, shi ne idonsa, shi ne bakinsa, shi ne ƙafarsa. Shi zai nemo masa mai saye, shi zai kai shi wurin mai magani, in an kama shi shi zai tsaya masa, in ya mutu shi zai binne shi ya aika wa danginsa. Ba takarda ko ɗaya. Komai a ka yake, da ƙafa ake nuna shi. Yakan ce baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, kuma makaho ba a yi masa kwatance, hannunsa ake riƙewa. Da na zo Manchester na yi dakon kaya a sito har bayana ya lanƙwashe, muka samu gidan nan na Longsight, ban san wani abin yi da ɗakunan sama ba sai abin da na gada. Lokacin zafi kuwa kin gani da idonki. Iyaye masu zuwa bikin gama karatun 'ya'yansu, 'yan kasuwa, masu ganin likita, masu hutu, har a falo aka shimfiɗa wa wasu. Hunturu ne ya ci ni, kuma da hannuna na ba shi wuƙar.

Kina ƙarama lokacin da Alhaji Ɗanlami, wani mai sayar da yadi a Kano, ya kira ni yana so ya zo tsakiyar sanyi. Ya ce, "Maigida, ina jin labarin sanyinku. Yaya yake?"

Na ce, "Alhaji, sanyi kam akwai, amma ba wanda zai hana namiji fita ba."

Haka aka koya min. Maigida ba ya kushe garinsa a gaban baƙo. Mutumin nan ya sauka da shadda mai sitati da takalmi mai santsin ƙasa, irin na zuwa ɗaurin aure. Washegari ya yi azahar, ya ce bari ya ɗan miƙe bayansa. Da ya farka ya leƙa taga ya ga duhu, ya sauko yana salati yana cewa wa ya sace masa la'asar. Na ce ba wanda ya sace ta, haka take a nan, azahar da la'asar da magariba a kan bayan juna suke hawa. Ya ce, "To me ya sa ba ka faɗa min ba?" Na yi dariya. A lokacin abin dariya ne.

Ranar Juma'a muka fita masallaci. Ruwan da aka yi ya daskare a kan hanya, ba a ganinsa. Daidai ƙofar mahauci ƙafarsa ta tafi, ya kai hannu zai tare, na ji ƙarar kamar an karya rake. Yana kwance a ƙasa, babbar riga ta rufe masa fuska, ya yaye ta ya dube ni ya ce, "Maigida, wannan ne sanyin da ba ya hana namiji fita? To ga shi ya hana namiji tashi." Mutumin kirki ne, bai taɓa riƙe ni da abin ba. Amma hannun bai koma daidai ba har ya bar duniya, da hagu ya ƙarasa auna yadi.

Don haka, Uwata, wannan ɗan littafin hunturu da za ki rubuta wa baƙinki, wanda za su gani a waya tun kafin su kama ɗaki, ki sa gaskiya a shafin farko. Ki ce a zo da takalmi mai haƙora a ƙasa. Ki ce rigar sanyin da aka saya a gida ba riga ba ce a nan. Ki ce duhu yana faɗowa tun mutum bai gama narkar da abincin rana ba, mai salla ya sa ido a kan agogo, kada ya jira rana ta gaya masa. Kada ki sa hoton titi da rana tana haske da furanni alhali ruwa da hazo zai tarar. Wanda aka gaya wa gaskiya ya zo, naki ne. Wanda aka yaudara ya zo, ko bai zage ki ba, ba za ki sake ganinsa ba.

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Sai na guje wa gara na faɗa gidan zago. Tun daga karayar Alhaji, duk wanda ya kira ni da sanyi sai in ce, "Kada ka zo. Me za ka zo yi? Ka bari sai rana ta dawo." Ina ganin tausayi nake yi. Mahaifiyarki takan tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu ta ce, "Malam, wai kai masauki kake riƙe ko kora?" In ce ta bar ni, ba zan sake ɗaukar alhakin ƙashin kowa ba. Mutumin Kano kuwa in ka ba shi magana da safe, kafin la'asar ta zaga kasuwa. Daga Kano ta kai Kaduna, ta kai Accra, ta kai Kumasi: Maigidan Longsight ba ya karɓar baƙi da sanyi.

Na zauna ina jin ai kowa ya ji shawarata ya zauna a gida. Sai wata rana a kasuwar Longsight, ana yayyafi, wani saurayi cikin ƙatuwar rigar sanyi ya durƙusa ya gaishe ni. Ɗan Alhaji Ɗanlami ne na cikinsa. Na ce, "Kai, yaushe a gari? Ina ka sauka?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, a unguwar Ardwick, wani fulat. Ai cewa aka yi ba ka buɗewa da sanyi."

Na ce, "To uban me ya kawo ka cikin wannan masifa?"

Ya ce, "Baba, masifa? Yanzu ne fa farashin kaya yake faɗuwa, bayan Kirsimeti. Ga ƙwallo, gobe ma zan je fili. Duk shekara muna zuwa, mu da yawa."

Duk shekara, su da yawa. Ya ciro waya ya nuna min abin da mai fulat ɗin ya rubuta musu: ga yadda ake kunna hita, ga inda ake samun naman halal, ga bas ɗin da za a hau, ga inda za a je in ana ruwa. Mai fulat ɗin bai taɓa ganin fuskarsa ba. Na ce ya zo ya ci tuwo, ya ce in sha Allahu, bai zo ba. Ashe ba zuwa suka daina ba. Ƙofata suka daina zuwa, ni kuma na tsaya a bakinta ina korar su da sunan tausayi.

Kada ki yanke wa baƙo hukuncin abin da zai so. Ni har gobe ban ga abin so a hunturu ba, kuma ba zan yi ƙaryar na gani ba. Amma ba ni zan kwana a ɗakin ba. Akwai mai zuwa don arhar kaya. Akwai mai ƙwallo. Akwai uwar da ɗanta zai karɓi digiri a Disamba. Akwai wata Hajiya da ta taɓa ce min ta fi son ramuwar azuminta a nan, don kafin yunwa ta gane ta an sha ruwa, na ɗauka wasa take yi. Akwai wanda bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, yana so ya taɓa ta da hannunsa kafin ya mutu. Ki tambaye su me ya kawo su, ki rubuta wa na bayansu. Ni ban taɓa tambaya ba. Na ɗauka na riga na sani.

Yanzu sai maganar da ke tsakanina da ke.

Bayan rasuwar mahaifiyarki kin zo min da takardu a hannu, da hotunan da kika ɗauka da kanki cikin ruwa. Kika zauna a ƙasa kusa da ƙafata kika ce, "Baba, ɗan guide ne kawai, littafin jagorar baƙi, for winter. Mu sa shi online tare da hoton ɗakuna. Mutum yana Abuja ya karanta ya ji yana son zuwa. Kai ka faɗa min abin da ka sani, ni in rubuta."

Na ce baƙo ba a ba shi takarda, raka shi ake yi.

Kika ce, "Da wace gwiwar, Baba? GP, likitanka, ya ce ka rage tafiya."

Na ce, "GP ne ya haife ni?"

Kika yi dariya, kina ganin zan sauko. Sai kika karanta min shafin da kika sa kasuwar Kirsimeti ta tsakiyar gari da cocin da 'yan Arewa suke zuwa. Na ce a gidana ba za a rubuta wa mutane hanyar inda ake sayar da giya da naman alade ba. Kika ce, "Baba, ai na rubuta abin da ke wurin ne, mai so ya je, mai gudu ya san abin da zai guda. Kuma ba duk baƙinmu ne Musulmi ba." Na ɗaga murya na ce muddin ina numfashi ni ne littafin gidan nan. Kika tattara takardunki kika hau sama. Ba ki sake tayar da maganar ba, ni kuma na ɗauka na ci.

Ba addini ba ne ya hana ni, kada in yi wa Allah ƙarya. Mahaifina ya sauki 'yan ƙabilar Frafra da Yarbawa da masu bautar da ban san sunanta ba, bai taɓa tambayar kowa alƙiblarsa ba kafin ya ba shi tabarma. Tsoro ne. Na ga in komai yana cikin takarda, wa zai ƙwanƙwasa min ƙofa ya ce, "Maigida, ina ake sayen kaza?" Tsoho in aka daina tambayarsa, ya zama kujera.

Kin san abin da ya biyo baya, amma ba ki san shi duka ba, don kina wurin aiki ranar. Malam Yohanna da matarsa Saratu, dattawan nan daga Kafanchan da suka zo yin Kirsimeti kusa da 'yarsu mai aikin jinya, su da korata ba ta hana zuwa ba, su ne baƙin hunturu na ƙarshe da gidan nan ya gani. 'Yar tana aiki ranar Kirsimeti, ba ta samu hutu ba. Da safe suka sauko cikin anko, Saratu da ɗaurin ɗankwali kamar za ta gidan biki, suka ce in nuna musu cocin da ake waƙa da Hausa. Tun daga gida suke ɗokinsa. Na san wurin, na sha raka mutane har ƙofa. Na yunƙura zan tashi, gwiwa ta ce ba inda za ka. Ta kumbura kamar ƙwarya. Ranar kuma ba bas.

Sai na yi abin da mahaifina ya hana, na yi wa makaho kwatance. Na ce su miƙe Stockport Road, in sun ga shagon Ba'indiye mai yadi su karya hagu, za su ga wurin wanki mai shuɗiyar ƙofa, cocin yana bayansa. Suka fita. Uwata, Ba'indiyen ya daɗe da mutuwa, shagon ya koma na gyaran waya. Wurin wankin an rushe shi an yi fulat. Cocin ma ashe sun tashi sun koma wani zaure a wata unguwa, kuma sabon wurin yana cikin shafin nan naki da na ce ba za a rubuta ba.

Sai bayan azahar suka dawo. Ɗaurin Saratu ya kwanta mata a ka, ruwa yana ɗiga daga haɓar mijinta. Na fara ba su haƙuri, ta ce, "Haba Baba, ba komai. Mun samu rumfar bas mun tsaya, mun yi waƙarmu mu biyu, mun yi addu'a. Har kai mun sa a ciki, da gwiwarka."

Malam Yohanna ya ce, "Maigida, garin naka ya gudu ya bar ka, ba ka sani ba."

Da wasa ya faɗa, yana matse hularsa. Da sun zage ni da na fi samun sauƙi. Tsofaffi biyu sun ƙetaro duniya, suka yi sallarsu a rumfar bas, saboda taurin kaina.

Gaskiya ya faɗa. Garin da ke kaina garin matattu ne. Na san gidan da aka fara yin jam'i a unguwar nan kafin a samu masallaci. Na san wanda ya fara kawo daddawa, da wanda ya fara yanka rago yadda ya kamata, da matar da take yi wa masu jego kunun kanwa. Na san wa ya sauka a wane ɗaki, wa ya auri wa, wa aka mayar gida a akwati. In na rufe ido ina bin titunan nan shago shago. In na buɗe, ba ko ɗaya. Ba wanda yake bukatar wannan, kuma ba zai kai baƙo ko bakin titi ba. Da kin same ni da biro lokacin da abin da na sani yake da rai, da wani abu ya tsira. Kin same ni, na kore ki.

Saboda haka duk abin da kika rubuta, ki taka ki je ki gani da idonki kowane farkon sanyi. Kada ki ce ai bara yana nan. Ki tura ƙofar shagon, ki tambayi lokacin da suke rufewa, ki hau bas ɗin da kanki, ki gano ranakun da ba ya fita. Ki rubuta masallaci, ki rubuta coci, da wanda ake Hausa da wanda ake Turanci. Ki ajiye buta a banɗaki, ki rubuta a hankali, ba da wulaƙanci ba, cewa ƙasan nan katako ne, ruwan alwala yana sauka kan na ƙasa. Ki nuna alƙibla. Ki gaya musu in sun soya albasa ƙararrawar hayaƙi za ta yi ihu, su buɗe taga, kada su cire mata batir. Ki gaya musu kada su shanya wanki a kan hita su rufe ɗaki. Ki ajiye citta da kanumfari a kicin, mutumin da ya shigo daga sanyi ba ya son dogon bayani. Waɗannan kam ban manta su ba, don ba a rushe su.

Abu ɗaya ne ban sauka a kai ba, kuma ba zan sauka ba. Kin ce a can makulli a ɗan akwati yake a jikin bango, baƙo ya danna lamba ya ɗauka, ya kwana ya tashi ya tafi ba ku haɗu ba. Wannan ba masauki ba ne a wurina, ko littafin da zinariya aka rubuta shi. Takarda ba ta ganin wanda ya kwana yana tari. In da hali, ki ƙwanƙwasa ko sau ɗaya, ki ce sannu da zuwa, ki dubi takalmin da ke ƙafarsa. Amma in masu fulat suka ce ba haka suke yi ba, ki bi nasu. Taurin kaina ya cinye gida ɗaya, kada ya bi ki Birmingham ya cinye miki aiki.

Ga inda tunanina ya tsaya. Zan kira Sani in ce ya kawo ejan. Ba zan jira ƙarshen hunturu ba, jiran me? Ko yau kika sa littafin a waya baƙi suka cika gidan, ba mai hawa ya canza musu zanin gado, ba mai raka su ko ƙofa. Rabona da hawa saman nan har na manta kalar labulen. Sani zai sauko da bargunan da butocin, a kai masallaci a raba wa masu bukata. Daga kakana zuwa yau ba a taɓa ce wa baƙo babu wuri a gidanmu ba, a hannuna za a fara. Na karɓa. Kada ki ji wannan ki ce za ki dawo. In kika dawo don gidan nan ban yafe ba, abin da ya mutu ba a yi masa jinya. Wanda duk ya kira ni daga gida yana neman masauki, zan ce ya neme ki, in gaya masa 'yar maigida ce, jikar maigida, kuma ta fi ubanta jin magana.

In kin gama littafin naki na Aston, ki buga min ɗaya da manyan baƙaƙe ki aiko. Ba zan gyara miki komai ba. Ina so ne in zauna kusa da hita in bi ki titi titi, in ga inda kike kai mutane, tunda ni ba zan taka ba.

Allah Ya yi miki albarka, Uwata. Ya sa ki shiga lafiya ki fita lafiya, Ya haɗa ki da baƙi na gari da iyayen gida masu adalci. Ya tsare ƙafarki daga santsi, ƙirjinki daga sanyi, zuciyarki daga irin halina. Ki riƙe salla a kan lokacinta, kin san yadda take gudu a watannin nan. Ki sa safa biyu. Ki yafe min.

Wassalam.

Mahaifinki,
Garba Maigida, Longsight